Yaya ake nuna zaluncin aure a labari ba tare da an ce "azzalumi ne" ba?

'Yar_Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a lallashe ni. Na rubuta gajeren labari a kan wata mata da ta shekara 14 a gidan miji cikin ƙunci. Ba duka ƙirƙira ba ce, akwai rayuwar yayata a ciki, sai dai na sauya suna da gari. Na ba mutum uku sun karanta. Biyu suka ce "Allah sarki" suka miƙo mini abina. Ta ukun, malamar da ta koya mini Hausa a sakandare, cewa ta yi: "Kin sa duka a shafin farko, zagi a na biyu, duka a na uku, kin rubuta kalmar azzalumi sau tara, amma ƙirjina bai motsa ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin da hawaye na rubuta labarin. To wace dabara marubuci ke bi har mai karatu ya ji nauyin abin da ake yi wa mace a ɗakinta, ba tare da an yi ta nanata masa cewa zalunci ne ba? Ko dai malamata ce mai taurin zuciya?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malamarki gata ta yi miki. Bari in tambaye ki abu ɗaya. Lokacin da kike zuwa hutu gidan yayar taki, me kika gani da idonki wanda har yau bai sake ki ba? Ban ce abin da aka ba ki labari ba. Wanda ke kika gani.

'Yar_Ƙaura:
Anti, ni ban taɓa ganin ya dake ta ba, ji na yi. Abin da na gani biyu ne. Da an ji ƙarar mashin ɗinsa ya karyo kwanar layi sai ta kashe rediyo, yara su watsar da wasa kowa ya nemi gindin bango ya lafe, har ƙaramin da bai iya magana ba. Na biyu kuma kwanonin jerenta. Ranar da aka kai ta, bango guda cike yake da su har sama. Duk hutun da na je sai in tarar layi ɗaya ya tafi. Sai da na girma na gane sayarwa take yi tana awo. Amma ban sa su a labarin ba, na ɗauka ƙananan abubuwa ne.

Ummu_Hanifa:
Ƙananan abubuwa? Wallahi da na karanta maganar rediyon nan sai da tsigar jikina ta tashi. Ai labarin naki ne kika baro a ƙofar gida.

Malam_Na_Bunguɗu:
Ɗiyata, na shekara 22 ina koyar da adabi, bari in sa wa abin da kika faɗa suna don ki riƙe shi da kyau. Jigo shi ne saƙon, salo kuwa hanyar da saƙon ke bi ya isa. Jigonki lafiya lau yake, salon ne ya yi miki gardama. Kalmar "azzalumi" hukunci ce. Kin yanke hukunci tun mai karatu bai saurari shaida ba, alhali shi ne alƙalin, ke mai gabatar da shaidu ce kawai.

Kwanonin nan su ne abin da manazarta ke kira alamtarwa, wato a ɗauki abu na zahiri ya tsaya a madadin abin da ido ba ya gani. Duba aikin da suke yi a lokaci guda. Suna ƙirga shekaru ba tare da kin rubuta "bayan shekara uku" ba. Suna faɗin yunwar gidan ba tare da kin ambaci yunwa ba. Sannan duk Bahaushe ya san jere gumin uwa ne, adashi da sayar da akuya, shi ne mutuncin amarya a idon dangin miji. Idan bangon ya koma fili, mai karatu ya san ba kwano kaɗai ya ƙare ba. Ƙarar mashin kuwa zayyana ce ta hanyar kunne. Ba ki nuna mutumin ba, kin nuna inuwarsa a jikin yaro ɗan shekara ɗaya, kuma yaro ba ya ƙarya.

Waɗannan kalmomi, kamantawa (kwatanta abu da wani ta amfani da "kamar") da siffantawa (kiran abu da sunan wani kai tsaye) da alamtarwa da jinsintarwa (ba abu halin wani jinsi daban), malamanmu irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun daɗe da shimfiɗa su a fagen nazarin waƙa, kuma suna aiki a zube. Zan ƙara miki ɗaya, maimaitawa. Ki ɗauki "ki yi haƙuri". Ki sa ta a bakin uwa ranar kai amarya, tare da "yi, na yi, bari, na bari". Ki sa ta a bakin gwaggo ranar yajin farko, a bakin maƙwabciya ta kan katanga, a bakin wanda ya zo biko. Kada ki sauya ko harafi. Daga ƙarshe ki sa ta a bakin ita matar, tana faɗa wa ɗiyarta. Ba sai kin yi sharhi ba.

Ɗan_Mafara77:
Malam, da girmamawa. Ni abin da ke damuna ba salo ba ne. Kusan duk littafin da matanmu ke karantawa a waya yanzu, miji shi ne dodo. Yarinya tana shekara 15 ta haddace cewa namiji ƙanin ajali ne, to da wace zuciya za ta shiga gidan aure? Yanzu kuma ana koya musu yadda za su ƙara wa wuƙar kaifi. Ku duba halin da maza ke ciki a jihar nan ta Zamfara. Mutum an kore shi daga gonarsa, ya dawo Gusau yana tura baro ko yana kabu-kabu, ya shigo gida da mudu ɗaya da ƙyar, shi ma a rubuta shi azzalumi? Ba banza ba a 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano.

Inna_Tsafe:
Ɗan_Mafara, ɗana, tsaya in tanka maka. Wanga abu ba waya ta kawo shi ba, tun ba a san takarda ba mata ke yin shi. Mu da munka tashi ƙauye, in mace ta kwana da ɓacin rai ba ta iya tunkarar maigida ta hwaɗa mai. Sai hantsi ya yi, ta kama taɓarya ko ta durƙusa ga dutsin niƙa, ta sa waƙa. Ba ta kiran sunan kowa. Ta yi da zakaran da ke cara gidan maƙwabta ya bar kajin gida nai da yunwa. Ta yi da tulun da ba ya riƙe ruwa. Uwar miji na ji, kishiya na ji, shi kanai in yana zaure yana ji. In anka tanka ta ce ni da turmina nike. Shi na habaici, kuma kowa ya yi zagi kasuwa ya san da wanda yake. Ni na ga gidan da waƙar daka ta gyara, don maigidan ya ji kunya maƙwabta sun gane da shi ake. Marigayiya Barmani Coge ai irin wagga magana ta mata ta ɗauko daga cikin gida ta hito da ita fili da kiɗan ƙwarya. Diyan yanzu ba su daka, inji ke yi musu, to ina kake so su kai kukansu in ba takarda ba?

Zinariyar_Anka:
Inna, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya ta ƙarshe ta ishe ni amsa.

Bagummiya:
Ni wani abu na lura da shi tun ina aji biyu a kwaleji, har yau yana cina. Harshen namu da kansa ya riga marubuta yin siffantawar. Aure ɗaura shi ake yi. Yana da igiya, har guda uku. Mace tana "ƙarƙashin igiyar" wane. In ya ƙare sai a ce an sake ta. Me ake ɗaurewa da igiya a gidan Bahaushe, me ake saki? Akuya da jaki. Ban ce da gangan aka yi ba, amma 'Yar_Ƙaura, da ni ce ke, sai in sa akuya ɗaure a turke a tsakar gidan nan, tana zagaye iya tsawon igiyarta, ƙasan wurin ya zama da'ira. Ba zan ce komai a kanta ba, in bar ta kawai tana zagayawa.

Ustaz_Maru:
Malama Bagummiya, hoton akuyar yana da ƙarfi, ban musa ba. Amma kada a ɗora wa igiya laifi. Da igiya ake jawo ruwa daga rijiya, da ita ake ɗaure dami kada ya watse. Abin dubawa shi ne hannun da ke riƙe da ita.

Kuma ina so Ɗan_Mafara ya ji wannan, domin wasu na ɗauka fallasa zaluncin miji da adon harshe baƙon abu ne a addini. A Suratun Nisa'i, aya ta 129, Allah ya hana mai mata fiye da ɗaya ya karkata gaba ɗaya ya bar ɗayar "kamar wadda aka rataye". Kamantawa ce tsantsa. Abin da aka rataye bai taɓa ƙasa ba, bai kai sama ba, ba mai aure ba, ba bazawara ba. A Baƙara aya ta 187 kuma aka ce su tufa ne a gare ku, ku ma tufa ne a gare su. Marubucin da ya fahimci wannan zai iya gina labari guda a kan rigar da ta daina rufe jiki.

Sai hadisin Ummu Zar'in da Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Bukhari da Muslim. Mata 11 suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba. Ta farko ta ce mijinta naman ramammen raƙumi ne a kan tsauni, hawan ba sauƙi balle a hau, naman ba maiƙo balle a ɗauko. Ta uku ta ce in ta yi magana a sake ta, in ta yi shiru a bar ta a rataye. Wasu a cikinsu kuma yabon mazajensu suka yi, har da ita Ummu Zar'in. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurari labarin nan har ƙarshe daga bakin matarsa.

Zinariyar_Anka:
Ustaz, ka sa ni kuka da rana tsaka. "In na yi shiru a bar ni a rataye." Shekara huɗu na yi a haka. Ya tafi wajen haƙar zinari, daga can ya yi aure a wani gari, ba aike, ba takarda. In na je gidanmu a ce ai da aurenki, koma ɗakinki. In na koma ɗakin, ba kowa sai ni da yara biyu da tabarma. Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ne. Ranar suna ko biki, mata na hira, wannan ta ce maigidana, waccan ta ce tsohon mijina, ni ban san wanne zan ce ba. Sai da na sayar da keken ɗinkina na biya khul'i kafin na samu kaina. 'Yar_Ƙaura, in kina son ki nuna irin wannan, ki nuna macen da aka tambaya "ya maigidan?" ta rasa amsa.

Lauya_Tudunwada:
Hajiya Zinariya, Allah ya musanya miki da alheri. Amma dole in yi gyara saboda masu karantawa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, macen da miji ya daina ciyarwa, ko yake cutar da ita, ko ya ƙaurace mata tsawon lokaci, tana da damar kai ƙara alƙali ya raba auren in ta tabbatar da hakan, ba tare da ta biya ko sisi ba. Khul'i daban ne, shi ne inda mace ke fansar kanta, galibi da mayar da sadaki, don ba ta son zaman ko da ba ta kawo hujjar cutarwa ba. Mata da yawa suna biyan abin da bai hau kansu ba saboda rashin sani ko gajiya da zirga-zirga. Kuma wannan ba da ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 ya fara ba, al'amuran aure da saki suna hannun alƙalai tun kafin nan. Marubuta ma suna da laifi a nan. Sau nawa na karanta labarin da aka nuna mace ba ta da wata ƙofa sai in miji ya ga dama? Mai karatu tana ɗaukar wannan a matsayin doka.

Zinariyar_Anka:
Barista, da na san haka a lokacin da keken ɗinkina yana nan.

Baban_Khalifa:
To ai shi ya sa nake cewa maimakon labarai a buɗe azuzuwan fiƙihun aure a unguwanni. Labari ba ya raba aure, ba ya ciyar da yaro.

Shugabar_Zaure:
Jama'a, maganar kotu tana da amfani, kuma Barista in ka yarda mu buɗe mata zaure na daban ranar Asabar. Amma yarinyar nan tambayar rubutu ta yi. A dawo kan kwanoni.

Alƙalamin_Bakura:
Kwanonin ma zan dawo da su, kuma amsa ce ga Baban_Khalifa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, da ya zo sukar malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, bai tsaya a kan "haramun ne" ba. Cewa ya yi suna ɗaukar su kamar kayan aikin gida, a yi ta amfani da su har su fashe, sannan a jefar a juji. Sama da shekara 200 ke nan, kuma abin da mutane suka fi riƙewa daga wannan babi shi ne hoton nan. Malamin fiƙihu ne fa, amma ya san hukunci na shiga kunne, hoto kuwa zuciya yake sauka. Abuntarwa ke nan, wato mayar da mutum abu marar rai, in ban yi kuskure ba, Malam_Na_Bunguɗu ya gyara mini.

Malam_Na_Bunguɗu:
Kusa ka zo. Tunda akwai "kamar" a ciki, kamantawa ce. Da ya ce su kayan gida ne kai tsaye, sai mu shiga maganar siffantawa da abuntarwa. Amma hujjarka ta tsaya.

'Yar_Ƙaura:
Na gode ƙwarai, ina rubutawa a littafi. Saura ƙarshen labarin. A yadda na yi shi, mijin ya yi hatsari da mashin, ƙafa ta lalace, ya dawo yana neman gafararta. Shi ma malamata ta ja masa layi.

Ummu_Hanifa:
Ta kyauta. Wannan ƙarshen ya yi yawa a littattafanmu, gobara, hatsari, karayar arziki. Kamar marubuciya ta rasa yadda za ta yi da mugun sai ta miƙa shi ga ƙaddara. Abin da yake koya wa mai karatu shi ne ki zauna ki jira mota ta buge shi.

Bagummiya:
Anti Ummu, ban yarda gaba ɗaya ba. Ya danganta da abin da aka yi da gobarar. Ki duba Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta tashi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, shi kuma shagonsa ya ƙone a gobarar kasuwa. In a nan aka tsaya, maganarki ta yi daidai. Amma sai aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta karɓe shi, bayan ta gina rayuwarta da hannunta. Ni da na kai wurin ban ji an yi mata sakayya ba, ji na yi an sake ɗora mata kaya. Sunan littafin karin magana ne da ke alkawarin alhaki zai bi mai shi, amma ƙarshen ya bar ki kina tambaya, to ita wa ya biya ta? A ganina wannan tazara tsakanin suna da ƙarshe ita ce dabarar.

Ummu_Hanifa:
Na karanta shi tun ina budurwa, kuma ni haushi ƙarshen ya ba ni, ban ga dabara ba. Wataƙila in sake karantawa da idon yanzu.

Ɗan_Mafara77:
Na yi shiru ina bin ku tun jiya. Inna_Tsafe, na ji, kuma na karɓi gyara a kan cewa abin ba sabo ba ne. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mahaifiyata ba. In ta ɓata masa rai, abincinta yake daina ci. Ni ake ba kwanon in kai zaure, ni kuma nake dawo da shi a rufe yadda na kai shi. Akwai lokacin da aka yi wata biyu a haka. Kullum sai ta buɗe murfin ta duba, ko da ta san abin da za ta gani. Ina ɗan shekara tara. Har yau in matata ta ajiye mini abinci, ko na ƙoshi sai na ci loma.

Amma ina nan a kan rabin maganata. Mutumin nan shi ne kuma ya sayar da gonarsa ya kai ta asibiti a Sakkwato, ya kwana 40 a kan tabarma a bakin ɗakin da take. In za a rubuta shi, a rubuta duka biyun. Dodo ba ya ba kowa tsoro a gidan aure, domin ba namijin da zai karanta ya ga kansa a jikin dodo. Wanda zai hana mu barci shi ne mai kama da mu.

Malam_Na_Bunguɗu:
Ɗan_Mafara, yau kai ka koyar da darasin. Kuma ka ba 'Yar_Ƙaura amsar da ban ba ta ba, wato bakin wa za a ji labarin. Yaron da ke ɗauke da kwano bai san kalmar zalunci ba, nauyin kwanon kawai ya sani, tafiya da dawowa ɗaya. Mariama Ba ta ƙasar Senegal, a littafinta na 1979, wasiƙa ta zaɓa. Mace tana cikin takaba tana rubuta wa aminiyarta yadda mijin ya auri ƙawar ɗiyarsu ya juya mata baya. Takaba ta zaunar da ita wuri ɗaya wata huɗu da kwana goma, wasiƙa kuma ta ba ta damar faɗin abin da ba za ta faɗa a gaban masu gaisuwa ba. Ke kuma kina da ƙanwa mai zuwa hutu tana ƙirga kwanoni. Kada ki ari bakin yayarki, naki ya isa.

Matar_Shinkafi:
Ku yi mini haƙuri, zan ɓata muku daɗin hirar. Tun ɗazu ana ta yabon shiru da alama da habaici, ni kuma tsoro nake ji. Wannan alkunyar ita ta kai mu inda muke. Mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin abin da ya yi mata, ta zo asibiti da ido a kumbure ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ɗinke irin wannan "ƙofa" ba sau ɗaya ba. Yanzu kuma labarin ma a ce ya yi kawaici, a nuna akuya a turke a bar dukan a bayan labule? Wanda ba ya son ganewa zai ce labarin akuya ne. Wani lokaci dole a kira abu da sunansa. Khaula 'yar Sa'alaba da ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi ai ba habaici ta yi ba, kuma sura guda aka saukar da ta buɗe da jin kukanta.

Ustaz_Maru:
Gaskiya ne Malama, Suratul Mujadala. Sai dai ki duba kalmomin da ta kai ƙarar da su. Ta ce ya cinye ƙuruciyarta, ta zazzage masa cikinta, da shekaru suka ja haihuwa ta yanke sai ya yi mata zihari, wato ya haramta ta ga kansa ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa. Ta faɗi laifin da sunansa, kuma ta faɗe shi da hoto. Ba sai an zaɓi ɗaya ba.

Matar_Shinkafi:
To in haka ne mun haɗu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a goge dukan gaba ɗaya don labari ya yi kyau.

Inna_Tsafe:
Ɗiyata ta Shinkahi ta yi gaskiya ta wani gehe. Habaici na aiki ga mai kunya. Wanda ya sha kunya da ruwa, ko turmi ya hwashe ba ya ji.

'Yar_Ƙaura:
Ban yi barci ba jiya. Ga sabon farkon, a duba mini:

"Ranar da muka kai Yaya, ni aka ɗora a kan kujera na miƙa kwano na ƙarshe, mai zanen jan fure, aka sa shi can sama kusa da rufi. Inna ta ja baya ta dubi bangon, ta goge ido da bakin mayafi. Da na zo hutun farko, na ƙirga layi bakwai. Hutun da aka yi ruwan ƙanƙara, shida. Na tambayi Yaya, ta ce ta ba da aro. A bangon, inda kowane kwano ya tashi, akwai da'irar da ƙura ba ta taɓa ba, fara sol, kamar bangon yana tuna su. Muna cikin haka aka ji mashin daga bakin layi. Yaya ta miƙa hannu ta kashe rediyo ba tare da ta duba inda yake ba."

Dukan na bar shi sau ɗaya tak, a tsakiyar labarin, kuma a fili na faɗe shi, Anti ta Shinkafi. Hatsarin mashin na cire.

Malam_Na_Bunguɗu:
"Ba tare da ta duba inda yake ba." Wannan gaɓar kaɗai ta fi azzalumi tara ɗin nan. Hannu ya saba. Abu ɗaya zan cire, "kamar bangon yana tuna su". Kin riga kin nuna da'irar, kada ki fassara mana ita.

Bagummiya:
A'a Malam, ni a bar mini shi. Yarinya ce ke magana, kuma haka yaro ke tunani. In an cire, muryar ta zama ta babba.

Ɗan_Mafara77:
Ya yi. Ina jiran in ga fuskar mijin, ko sau ɗaya ne ya shigo da tsire a takarda ya ajiye wa yaran.

Ummu_Hanifa:
Ƙanwata, rubutu ya tashi. Amma akwai abin da ke raina tun farko. Duk wanda ya san gidanku, da ya ga kwano mai jan fure ya gane. Yayar taki ta san kina rubutawa? Tana ina yanzu?

'Yar_Ƙaura:
Tana gidan, Anti. Da ƙaramar Sallah na je, kwano huɗu suka rage, mai jan furen yana cikinsu don ya yi sama da yawa sai an taka kujera. Ba ta sani ba. Na ɗauki waya sau uku in kira ta, ina ajiyewa.

Matar_Shinkafi:
Kada ki faɗa mata ta waya, ba ki san wa ke kusa ba. Ki je da kanki da hantsi lokacin da ya fita, ki karanta mata a ɗaki. In ta ce a sauya kwanon, ki sauya. Kuma ki tafi mata da abin da Barista ya rubuta a sama, shi ma ki karanta mata.